Ko da Kuɗinka, Sai da Izininsu: Yadda Gwamnatoci Ke Riƙe da Linzamin Cinikin Makamai

Ranar 5 ga Satumba, 2014, wani ƙaramin jirgin haya ya tashi daga Abuja ya sauka a filin jirgin sama na Lanseria, a bayan garin Johannesburg. Mutum uku ya ɗauko, 'yan Najeriya biyu da Ba'isra'ile ɗaya. Da jami'an kwastan na Afirka ta Kudu suka buɗe akwatunansu, sai ga dala miliyan 9.3 tsaba, 'yan ɗari-ɗari, an ɗaure su bandir-bandir. Baƙin suka ce makamai suka zo saya wa jami'an tsaron Najeriya, Abuja kuma ba ta musanta ba. Aka riƙe kuɗin. Bayan 'yan makonni aka sake damƙe wasu dala miliyan 5.7, su kuma ta banki suka bi.

A lokacin Boko Haram ta riga ta kafa tuta a Gwoza da Bama, 'yan matan Chibok sun kusa wata biyar a hannunta. Kuɗi akwai, buƙata ta kai maƙura, masu kaya ma ba a rasa ba. Takarda ce babu. Dokar Afirka ta Kudu ta ce duk wanda zai sayar da makamin yaƙi ko ya yi dillancinsa sai yana da rajista mai rai a wurin wani kwamitin ministoci da aka ɗora wa wannan aiki, kuma kowane ciniki sai kwamitin ya ba shi izininsa na daban. Masu bincike a can suka ce kamfanonin da aka yi hulɗa da su ba su cika wannan sharaɗi ba.

Mutane da yawa a gida sun ɗauki abin a matsayin wulaƙanci kawai. Wulaƙancin an sha shi, amma ya tona wani abu da ba kowa ya sani ba: kamfanin da ya ƙera bindiga ko jirgin yaƙi ba shi da ikon sayar wa wata ƙasa don ya ga kuɗi. Sai gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lasisi, kuma lasisin yana faɗin irin kayan, da adadinsu, da ƙasar da za a kai su, da rundunar da za ta karɓa, da wa'adin da izinin zai ƙare.

Kasuwar kuwa a hannun 'yan tsiraru take. Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Stockholm ta ƙiyasta cewa tsakanin 2020 da 2024 Amurka kaɗai ta fitar da kashi 43 cikin ɗari na manyan makaman da aka sayar tsakanin ƙasashe. Faransa ke bi mata daga nesa da ƙasa da kashi 10, sannan Rasha, Chaina da Jamus. Wanda waɗannan biyar suka juya wa baya, sai ya yi da gaske kafin ya samu abin kirki.

Hanyar da takarda ke bi

A Amurka dokar 1976 ta kula da fitar da makamai ita ce ginshiƙi. Ƙofa biyu ta buɗe. Ta farko, gwamnati da gwamnati: ƙasar da ke so ta rubuta wa Washington, Ma'aikatar Harkokin Waje ta amince, Ma'aikatar Tsaro ta sayi kayan a wurin kamfani ta miƙa. Ta biyu, kamfani ya yi ciniki kai tsaye da mai saye, amma sai ya karɓi lasisi daga Ma'aikatar Harkokin Wajen. Ko ta wace ƙofa aka bi, idan kuɗin manyan kayan yaƙi ya kai dala miliyan 14, wajibi ne a sanar da majalisa, a ba ta kwana 30 ta duba. Ƙasashen NATO da 'yan gaban goshi irin su Isra'ila, Japan da Ostareliya kwana 15 ne nasu.

A rubuce, majalisa na iya kaɗa ƙuri'ar soke ciniki. A aikace ba ta taɓa cin nasarar hakan ba, domin shugaban ƙasa na da ikon hawa kujerar naƙi, kamar yadda Donald Trump ya yi a Yulin 2019 lokacin da 'yan majalisa suka nemi tsayar da makaman Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ainihin ƙarfin majalisa yana wani wuri da dokar ma ba ta ambata ba. Bisa al'ada, kafin a kai sanarwa a hukumance, sai an nuna wa mutum huɗu: shugaban kwamitin harkokin waje da jagoran 'yan adawa na kwamitin, a majalisar dattawa da ta wakilai. Ɗayansu ya ce a dakata, takarda ta kwanta ke nan, wani lokaci shekara guda ko fiye.

Birtaniya tana da ofishi guda da ya haɗa ma'aikatun kasuwanci, harkokin waje da tsaro, yana auna kowace buƙata da jerin ƙa'idoji. Wadda aka fi faɗa a kanta ita ce ta biyu: kada a ba da lasisi idan akwai haɗari bayyananne cewa za a yi amfani da kayan wajen keta dokokin yaƙi ko danne jama'a. A Jamus manyan shawarwari na hannun wata majalisar tsaro ta ministoci da ke zama a asirce ƙarƙashin shugaban gwamnati. Beljiyam kuwa tata ta fi ban mamaki. Gwamnatocin yankuna ke ba da lasisi, kuma gwamnatin yankin Waloniya, wadda ke sa hannu a kan lasisin kamfanin bindigogi na FN Herstal, ita ce mai kamfanin. Mai kaya shi ne alƙali.

Duk inda aka je, akwai takarda ɗaya da mai saye zai kawo: shaidar wanda zai yi amfani da makamin. A cikinta gwamnatin da ke saye take rantsuwa cewa kayan nata ne, ba za ta sayar ko ta ba wani ba sai da yardar ƙasar da ta ƙera. A Najeriya Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro ke fitar da irin wannan takarda, kuma ba don bindiga kaɗai ba, har da motoci masu sulke, jirage marasa matuƙi da nakiyar fasa dutse. A Afirka ta Yamma akwai ƙarin mataki, domin yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta ce ƙasar da za ta shigo da ƙananan makamai sai ta nemi takardar sahalewa daga hukumar ƙungiyar a Abuja.

Wannan alƙawari na rashin miƙa wa wani shi ya ci Najeriya a 2014. Ta yi niyyar sayen jirage masu saukar ungulu ƙirar Cobra daga Isra'ila, wadda ta daina amfani da su. Isra'ila ta yarda. Amma jiragen ƙirar Amurka ne, saboda haka sai Washington ta sa hannu, ita kuma ta ƙi. Hujjarta ita ce tana shakkar ko sojin Najeriya za su iya sarrafa su da kula da su, tana kuma damuwa da yadda ake kare fararen hula a fagen daga. Jakadan Najeriya a Amurka na lokacin, Farfesa Adebowale Adefuye, ya fito fili a watan Nuwamba ya ce an bar ƙasarsa a rana, kuma kafin shekara ta ƙare Abuja ta dakatar da horon da sojojin Amurka ke ba wata bataliya. A 2015 sai labari ya fito cewa Isra'ila ta ba Jodan kimanin jirage 16 na wannan ƙirar, da yardar Amurka.

Igiyar tana da tsawo har ta kan kai ga kayan da ba Amurka ta haɗa ba. A 2018 Pakistan ta ƙulla cinikin jirage masu saukar ungulu 30 ƙirar T129 da Turkiyya, irin waɗanda Najeriya ta saya daga baya. Cinikin ya maƙale saboda injin jirgin na buƙatar lasisin Amurka, ita kuma ta hana. A 2006 Brazil ta so sayar wa Benezuwela ta Hugo Chavez jiragen Super Tucano, Washington ta toshe saboda akwai sassan Amurka a jikinsu. Suwizalan ma a 2022 ta hana Jamus tura wa Yukiren harsasan da aka ƙera a ƙasarta.

Shekara biyar kan jirage goma sha biyu

Da Muhammadu Buhari ya je Washington a Yulin 2015, wata biyu bayan hawansa mulki, ya tsaya a Cibiyar Zaman Lafiya ta Amurka ya ce dokar Leahy, ba da niyya ba, ta zama taimako ga Boko Haram. Daga nan sunan dokar ya shiga bakin masu sharhi a gidajen rediyo. Sanata Patrick Leahy na jihar Vermont ne ya kawo ta a 1997, kuma abin da ta hana shi ne a ba da tallafi ko horo da kuɗin Amurka ga rundunar da ake da sahihin bayani cewa ta aikata mummunan cin zarafi, sai idan gwamnatinta ta ɗauki matakin hukunta masu laifi. Wato rukunin soja take kallo, ba ƙasa baki ɗaya ba, kuma ta fi shafar kyauta fiye da abin da aka saya da kuɗi. Hana cinikin jiragen Cobra shawara ce ta siyasa da gwamnatin Obama ta yanke da kanta. Sai dai bayanan da ake dubawa a wurare biyun iri ɗaya ne.

Bayanan kuwa ba su da daɗin karatu. Wata guda kafin tafiyar Buhari, ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoton da ya ce fiye da mutum 7,000 sun mutu a hannun sojoji a wuraren tsare mutane a Arewa maso Gabas, ya kuma kawo labarin ɗaruruwan da aka kashe a Maiduguri bayan harin barikin Giwa na Maris 2014. Rundunar soji ta ƙaryata. A Disambar 2015 kuma sojoji suka buɗe wa 'yan Shi'a wuta a Zariya, inda kwamitin binciken da gwamnatin Kaduna ta kafa da kanta ya tabbatar an binne gawa 347 a rami ɗaya.

Duk da haka, a 2016 gwamnatin Obama ta fara sassautowa kan jiragen A-29 Super Tucano. Jirgi ne mai farfela, ƙirar kamfanin Embraer na Brazil, wanda ake harhaɗawa a Jacksonville ta jihar Florida tare da kamfanin Sierra Nevada. Ba shi da gudun jirgin jet, amma yana iya daɗewa a sama yana shawagi, yana gani da dare, yana sauka a filin da ba kwalta, kuma kuɗin tashinsa kaɗan ne. Domin yaƙi da masu ɓuya a daji irin Sambisa aka yi shi. Takarda ta kusa fita sai ga ranar 17 ga Janairu, 2017, jirgin sojin saman Najeriya ya yi ruwan bama-bamai kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann, kusa da iyakar Kamaru. Fiye da mutum 100 suka mutu, ciki har da ma'aikatan agaji na Red Cross. Sojoji suka ce kuskure ne. Saura kwana uku Obama ya sauka, ya bar takardar ba sa hannu.

Trump bai ɓata lokaci ba. A Fabrairu ya kira Buhari, wanda ke jinya a Landan, ya nuna a shirye yake. Sanatoci biyu, Cory Booker da Rand Paul, suka rubuta wasiƙar adawa suna ambaton Zariya da Rann, amma a Agustan 2017 aka sanar da majalisa cinikin jirage 12 da makamansu da horo, a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala miliyan 593. Babu abin da ya canza a Rann tsakanin Janairu da Agusta. Mai zama a Fadar White House ne ya canza.

Sai kuma sharuɗɗa. A Janairun 2018 ministan tsaro Mansur Ɗan Ali ya koka a bainar jama'a cewa an ce jiragen ba za su iso ba sai 2020, kuma an taƙaita rawar da injiniyoyin Najeriya za su taka wajen gyaransu. Aka sasanta, aka biya. Biyan ma ya tayar da ƙura a gida, domin Buhari ya sa an cire dala miliyan 496 daga asusun rarar kuɗin mai kafin Majalisar Tarayya ta amince, sannan ya rubuta mata a Afrilu yana cewa wa'adin da Amurka ta bayar ne ya matsa. Har wasu sanatoci suka fara maganar tsigewa. Matuƙan suka tafi sansanin Moody a jihar Georgia, inda horon ya haɗa da dokokin yaƙi da kare fararen hula. Jirage shida na farko sun sauka a Kano ranar 22 ga Yuli, 2021, sauran suka biyo baya a cikin shekarar, aka ba su mazauni a Kainji.

Abin da ya biyo baya shi ya fi nuna yadda lasisi ke bin makami har cikin gida. Lokacin da jiragen suka iso, wutar da ta fi ci ba a Borno kaɗai take ba, ta kama Zamfara, Katsina, Sakkwato, Kaduna da Neja. Amma an sayar da jiragen ne da sunan yaƙi da ta'addanci, 'yan fashin daji kuwa a idon doka ɓarayi ne masu bindiga. A Nuwambar 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, kuma umarnin ya kira su da sunayen da mutanen karkara ke kiransu, 'Yan Bindiga da 'Yan Ta'adda. Da aka buga shi a jaridar gwamnati, ministan shari'a Abubakar Malami ya danganta matakin da share hanyar amfani da Super Tucano a kansu. Ƙasa ta biya kuɗinta lakadan, amma sai da ta je kotu ta gyara sunan abokin gabarta kafin ta tayar da jirginta. Duk direban Adaidaita Sahu da ke biyan balas alhali takardun mashin na aljihun mai shi ya san irin wannan mallaka.

Kuma ba a gamawa. Bam ya ƙare, sai sabuwar takarda. Kayan gyara, sai sabuwar takarda. A 2021 manyan sanatocin kwamitin harkokin waje suka riƙe cinikin jirage masu saukar ungulu 12 ƙirar AH-1Z, ba a sake shi ba sai Afrilun 2022, a kan dala miliyan 997. A Agustan 2025 aka sake sanar da majalisar Amurka wani cinikin bama-bamai da rokoki na dala miliyan 346. Tsakanin waɗannan biyun ne jirgi marar matuƙi na sojin ƙasa ya kashe aƙalla mutum 85 masu taron Mauludi a Tudun Biri, a Disambar 2023.

Ma'auni biyu

Ɗan Najeriyar da ya ce ana auna ƙasarsa da mudun da ba a auna wasu da shi, yana da hujja. Tun daga Maris 2015 jiragen ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta suke luguden wuta a Yemen, da jirage da bama-baman Amurka da Birtaniya. Sun faɗa kan zauren makoki a Sana'a a 2016, sun faɗa kan motar 'yan makaranta a Sa'ada a 2018. Lasisi bai daina fita ba. Sai da wata ƙungiya mai adawa da cinikin makamai ta kai gwamnatin Birtaniya ƙara, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a Yunin 2019 cewa ministoci sun saɓa doka, domin ba su ma yi ƙoƙarin tantance ko an keta dokokin yaƙi a baya ba. Aka dakatar da sababbin lasisi. Bayan shekara guda ministar kasuwanci Liz Truss ta ce an sake dubawa, abubuwan da suka faru ɗaiɗaiku ne, aka ci gaba da sayarwa. Jamus kuwa ba ta rufe wa Saudiyya ƙofa gaba ɗaya ba sai bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a Istanbul a 2018.

Yaƙin Gaza ya sake kawo maganar gaban alƙalai. A Fabrairun 2024 wata kotun ɗaukaka ƙara a birnin Hague ta umarci gwamnatin Holan ta daina tura wa Isra'ila sassan jirgin F-35. A Satumba ministan harkokin wajen Birtaniya na lokacin, David Lammy, ya dakatar da lasisi kusan 30 daga cikin kimanin 350, yana cewa akwai haɗari bayyananne, amma ya tsame sassan F-35 da ke shiga rumbun haɗin gwiwa na ƙasashen da ke amfani da jirgin. Kusan kashi 15 cikin ɗari na kowane F-35 a Birtaniya ake ƙera shi, kuma gwamnati ta ce tsayar da su zai taɓa tsaron ƙawayenta. Babbar kotu a Landan ta goyi bayanta a Yunin 2025.

Wani lokaci ma ba a ɓoye cinikin siyasar. Kanada ta hana sayar wa Turkiyya kyamarorin da ake ɗora wa jiragen Bayraktar bayan an gan su a yaƙin Nagorno-Karabakh na 2020. A Janairun 2024, kwanaki kaɗan bayan Turkiyya ta amince Suwidin ta shiga NATO, aka ɗage haramcin.

Amma rashin adalcin mai riƙe da mudu bai wanke wanda ake aunawa ba. Gawarwakin Zariya da na Rann ba Washington ta ƙirƙiro su ba. Najeriya kuma ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da Yarjejeniyar Cinikin Makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya a Agustan 2013, yarjejeniyar da ta wajabta wa mai sayarwa ya auna irin wannan haɗari kafin ya sa hannu. Ƙasashe 154 suka zaɓe ta, uku suka ƙi: Iran, Siriya da Koriya ta Arewa. Amurka ta sa hannu amma ba ta taɓa tabbatar da ita ba, Rasha ba ta shiga ba, Chaina ta shiga a 2020.

Idan wata ƙofa ta rufe, akan ƙwanƙwasa wata, kuma wannan ba sabon abu ba ne a nan. A 1967, da yaƙin basasa ya ɓarke, Amurka ta ƙi sayar wa kowane ɓangare makami. Birtaniya ta ba gwamnatin Gowon bindigogi da motoci masu sulke amma ta hana jiragen yaƙi. Tarayyar Sobiyet ta cike gurbin, jiragen MiG suka sauka a Kano a watan Agustan shekarar. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a 1995 Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa gwamnatin Abacha takunkumin makamai, ba a ɗage shi ba sai 1999. A 'yan shekarun nan an ga jiragen yaƙi JF-17 guda uku daga Pakistan, jirage marasa matuƙi da tankoki daga Chaina, T129 daga Turkiyya. Waɗannan ƙasashe su ma suna ba da lasisi, sai dai tambayoyinsu ba su da yawa. Kuɗin da ake biya a madadin haka shi ne rundunar da ke da jirage daga ƙasashe barkatai, kowanne da nasa kayan gyara da nasa makanikai.

Turkiyyar da ake zuwa sayayya yau, takunkumin da Amurka ta sa mata daga 1975 zuwa 1978 kan rikicin Cyprus ne ya tura ta ƙera nata, a shekarar farko ta takunkumin aka kafa kamfanin kayan tsaro na Aselsan. Masana'antar makamai ta DICON da ke Kaduna ta girme shi da shekara goma sha ɗaya, tun 1964 take, kuma sai a 2023 aka sabunta dokarta.

Bindigar da ba ta da takarda

Mutumin Zurmi ko Batsari zai iya cewa duk wannan bai shafe shi ba, domin AK-47 ɗin da ke kafaɗar yaron da ya kore masa shanu ba ta bi ta ofishin kowa ba. Amma galibin irin waɗannan bindigogi a masana'anta mai rajista aka ƙera su, kuma ranar da suka fara ƙetare iyaka da lasisi suka ƙetare. A hanya suka sauya hannu.

Wani lokaci takardar shaidar ce ta jabu. A 2002 masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun gano an kwashi fiye da tan 200 na makamai daga Belgrade zuwa Laberiya ta Charles Taylor, wadda ke ƙarƙashin takunkumi, da takardun bogi masu ɗauke da sunan Ma'aikatar Tsaron Najeriya. Wani lokaci takardar ta gaske ce, gwamnatin da ta sa hannu ce ta rushe. Bayan Turai ta ɗage wa Libiya takunkumi a 2004, ƙasashe suka yi ta rububin sayar wa Gaddafi kaya, har da bindigogin FN Herstal da Waloniya ta ba lasisi a 2009. Da gwamnatinsa ta faɗi a 2011 aka fasa rumbunan, makaman da ya tara shekara arba'in suka bazu zuwa Mali da Nijar da sauran yankin Sahel. 

Hanya ta uku ita ce ta cikin gida: abin da ake ƙwacewa idan an afka wa sansanin soja ko caji ofis, da abin da ke zurarewa daga ma'ajiya a sayar. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai bindigogi 178,459 na rundunar 'yan sandan Najeriya da ba a iya gano inda suke ba, 88,078 daga cikinsu ƙirar AK-47. Duk wadda aka sayo daga waje a cikinsu ta shigo ƙasar ne bisa alƙawarin cewa za ta tsaya a hannun hukuma. Rundunar ta ƙi yarda da wasu daga cikin alƙaluman, tana cewa masu bincike sun lissafa har da bindigogin da ke hannun jami'an da aka tura aiki. Kwamitin Majalisar Dattawa mai bin diddigin kuɗin gwamnati bai zaunar da Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, kan maganar ba sai a Fabrairun 2025, kimanin shekara uku bayan rahoton ya fito.